Ranar da Goggo Ta Yi Arziki

Gishiri Goggo ta zuba wa Alhaji a shayi a safiyar da kotu ta rufe kamfaninsa, kuma Allah ya sani ba da gangan ta yi ba. Robar gishiri da ta sukari maƙwabta ne a kan kantar kicin, ita kuwa idonta na dama ya riga ya tafi, na hagun ma ya fara bin sawu. Alhaji ya kurɓa, ya furzar, ya ce lallai duniya ta juya masa baya, tunda har shayin gidansa ya shiga sahun masu bin sa bashi.

Goggo ba goggon kowa ba ce a gidan. Mai dafa abinci ce. Yaran gidan ne suka laƙa mata sunan tun suna rarrafe, ya bi ta har suka girma suka tafi jami'a, har Alhaji da Hajiya ma suka manta tana da wani suna. Tana dafa na gida, tana kuma dafa na kafintocin kamfanin kujerun Alhaji, manyan tukwane kowace rana, shi ya sa albashinta daga kamfani yake fitowa. A lokacin da yake fitowa ke nan. Tun da ciniki ya fara ja da baya Hajiya ta ce kada ta damu, ana tara mata. Aka yi ta tarawa, wata na bin wata, har shekara ta zagayo ta wuce, Goggo ba ta taɓa ganin ko kalar abin da ake tara mata ba.

Ita ba fili take son saye ba, ba gwal ba. Ido take so. Likita ya ce yanar ido ce, aikin ba wani mai wuya ba ne, amma ta hagun ta nuna sosai, in aka ƙara ja mata lokaci za ta lalata idon yadda ta lalata ɗan'uwansa, daga nan kuma ko an kawo masa kuɗin duniya babu abin da zai iya yi. Ya faɗi kuɗin aikin. Bai kai rabin abin da take bi ba.

Ta bari sai da gida ya ɗan yi shiru, sannan ta je ta durƙusa a bakin ƙofar falo.

"Hajiya, dama maganar idon nan ce."

Hajiya ta sauke waya daga kunne ta dube ta da idanun da suka kumbura da kuka. "Haba Goggo. Yau ɗin nan? Bawan Allah yana cikin wannan masifa, ke kuma maganar kuɗi za ki kawo? Wallahi ni ban taɓa ɗaukar ki 'yar aiki ba, shi ya sa abin ya yi mini zafi. Da bare ce ta faɗa da ban ji komai ba."

Goggo ta ba da haƙuri. Ita ce mai bin bashi, ita ce kuma mai ba da haƙuri, ta koma kicin tana jin kunyar kanta.

Bayan 'yan kwanaki Dogo, shugaban kafintocin, ya biyo ta ƙaramar ƙofa ya kawo mata tukwanen da suka rage a kamfani. Ya daɗe yana cin abincinta, ya san hannunta, ya kuma san abin da ke damun idonta. Ya tsuguna a inuwar tankin ruwa ya rage murya.

"Goggo, albishirinki. Kotu ta naɗa wani jami'i, shi zai yi gwanjon injina da katako da motoci. Ya tara mu ya ce haƙƙin ma'aikaci yana sahun gaba, sai an sallame mu kafin masu katako da masu fenti su ga ko sisi. Ranar da za a tantance ma'aikata zan aiko miki. Ki zo da ƙafarki ki ce ke ce mai abincinmu. Mu duka shaida ne, cikinmu ma shaida ne."

Ranar Goggo ta yi wanke-wanke tana 'yar waƙa. Ta jima ba ta ji daɗi irin na wannan rana ba.

Abin da Dogo bai sani ba, gidan ma Alhaji ya jinginar da shi ga banki, shi da duk abin da ke cikinsa. Da labari ya zo cewa jami'in zai zo ya ga kayan gida, sai Hajiya ta share hawaye ta ɗaura ɗamara. Aka kira masu dako. Kafin azahar ɗakin Goggo, wanda ke can ƙuryar gida kusa da tanki, ya ga abin da bai taɓa gani ba tun da aka gina shi. Aka shigar da babban firji mai ƙofa biyu, da injin wanki, da talabijin ɗin falo, da janareta, da kafet ɗin da ba a taka shi da takalmi. Akwatin gwala-gwalan Hajiya kuwa ƙarƙashin katifar Goggo aka tura shi. Da ɗakin ya cika, aka fitar da katifar aka bar akwatin.

Hajiya da kanta ta kawo mata leshi mai nauyi da mayafi, ta ɗaura mata sarƙa a wuya.

"Magana biyu ce kawai, Goggo. In ya tambaya, ki ce ke yayar Alhaji ce, kayan nan naki ne, gadon mijinki ne. Shi ke nan."

"Hajiya, ai ƙarya ke nan."

"Wace irin ƙarya? Ke ba 'yar gidan nan ba ce? Wa ya fi ki haƙƙi a nan? Ko so kike yaran da kika goya su dawo hutu su tarar da siminti tsirara? Kuma bari in yi miki alkawari, da ƙurar nan ta lafa, abu na farko da za mu sayar da shi za a yi miki idonki."

Maganar yaran ce ta karya ta. Ta tuna yadda autar gidan ba ta barci sai a bayanta, ta sunkuyar da kai ta ce to.

Jami'in kotun mutum ne mai gilashi da ladabi. Ya zaga gidan, ya tarar da falo fayau sai kujeru da labule. Da aka kai shi ɗakin ƙurya ya tarar da dattijuwa cikin leshi zaune a kan kujera tsakanin firji da talabijin, sai ya cire takalmi ya rusuna.

"Barka da hutawa, Hajiya babba."

Tun da Goggo ta shigo gidan nan ba a taɓa rusuna mata ba. Kafin ta amsa ma sai ga Hajiya da ruwa a kan tire, ta durƙusa ta ajiye a gabanta tana cewa, "Yaya, ga ruwa." Ta juya ga jami'in ta yi masa bayani cewa Yaya ce ta zaɓi wannan ɗaki, ba ta son hayaniya, sun yi sun yi ta dawo cikin gida ta ƙi.

"Hajiya babba, duk kayan nan naki ne?"

"Nawa ne," in ji Goggo. Muryarta ta fito 'yar siririya.

"Kuma ke yayar Alhaji ce?"

"Yayarsa ce."

Ya rubuta, ya yi mata addu'ar samun lafiyar ido, ya sa takalminsa ya fita. Motarsa ba ta kai bakin titi ba Hajiya ta dawo ta karɓi leshinta da sarƙarta, ta ɗauki ruwan tiren ma tunda ba a sha ba, ta tuna mata cewa shinkafa na kan wuta.

Kayan dai a ɗakin suka zauna, don ba a san ranar da mutumin zai sake leƙowa ba. Goggo ta shimfiɗa tabarma a ɗan lungun da ya rage tsakanin firji da injin wanki, tana kwana a takure kamar kyanwa. Da can ta san ɗakinta da ƙafa, ko ido rufe tana zuwa inda take so. Yanzu kuwa duk inda ta juya dukiyarta ce ke bugun ƙaurinta. Ƙafafunta suka cika da tabo. Hajiya kan leƙo kullum ta duba ko janareta ya kwarzane.

Ranar tantancewa Dogo ya aiko. Goggo ta nemi izini ta ce asibiti za ta, ta hau motar haya, wata mata ta taimaka mata ta tsallaka titi. A harabar kamfanin kafintoci sun yi layi cikin rana, injinan da suka yi shekaru suna ƙara sun yi tsit, kowanne da lambar gwanjo a jikinsa. Suka ga Goggo suka buɗe mata hanya ta wuce gaba.

Muryar da ta ji daga bayan tebur ta jami'in nan ce da ya rusuna mata a gida.

"A'a, Hajiya babba. Me ya kawo ki nan cikin wannan rana? A ba Hajiya kujera."

"Ranka ya daɗe," in ji Dogo, "wannan ai ita ce mai abincinmu. Ta fi mu duka daɗewa a aikin nan, kuma ta fi mu duka bin bashi."

Jami'in ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar. Ba mugun mutum ba ne, kuma da alama ya gane komai tun kafin a gama faɗa. Ya yi magana a hankali.

"Baba, ɗaya ce cikin biyu. Ko dai ke yayar mai kamfani ce mai kaya cike da ɗaki, to ba ki cikin ma'aikata, babu abin da zan ba ki a nan. Ko kuma ke ma'aikaciya ce, in sa ki cikin waɗanda za a biya, amma sai na koma na kwashe kayan can, sannan ke da masu gidan ku je gaban alƙali ku yi bayanin abin da aka faɗa mini. Ba ni da ta uku. Wacce ce gaskiya?"

Goggo ba ta taɓa shiga kotu ba, ko ofishin 'yan sanda ba ta taɓa takawa ba. Ta ga kanta a gaban alƙali ana kiran ta maƙaryaciya da furfurarta. Ta ga Alhaji da ankwa, ana cewa 'yar aikinsa ce ta tona shi bayan ta ci ta sha a gidansa. Tsoro ya kama ta, kunya ta danne tsoron.

"Zuwa na yi in gaishe da yaran nan," ta ce.

Dogo ne ya raka ta bakin titi, yana tafiya yana huci. "Goggo, kin cuci kanki. Wallahi kin cuci kanki. To tunda abin ya zama haka, ji nan. A wurin kotu kayan nan naki ne, ko ba haka ba? Riƙe abu ɗaya. Firjin nan kaɗai ya isa a yi miki ido har da canji, ni zan kawo miki mai saye. Ba sata ba ce, guminki ne."

"Amana ce fa, Dogo."

"Albashinki da suka riƙe fa, shi ba amana ba ne?"

Maganar ta bi ta har gida ta kwana da ita a lungun firji.

Ta gwada ta hanyar lalama tukuna. Ta sami Alhaji a baranda da carbi a hannu, ya rame, ya bar gemu ya yi buzu-buzu. Ta gaishe shi ta faɗi buƙatarta, ta ce ko ɗan kunne ɗaya aka sayar daga cikin akwatin nan zai isa a fara.

Alhaji ya yi dogon numfashi. "Goggo, arziki na Allah ne, shi ke bayarwa shi ke karɓa. Dube ni. Ke ido kawai kike nema, ni mutuncina ne gaba ɗaya ya zube a garin nan. Kuma kayan nan ba mu isa mu taɓa su yanzu ba, ana lura da mu. Ki yi haƙuri, ki dage da addu'a. Ni ma kullum ina sa ki a tawa."

Addu'ar Alhaji ba ta hana yanar ci gaba da aikinta ba. Fuskoki suka koma inuwa, sai ta murya take gane mutum. Ta kai hannu za ta ɗauki murfin tukunya ta dafa gefen da ke kan wuta, tafin hannunta ya tashi. Ta daina ganin tsakuwa a shinkafa, Alhaji ya tauna ɗaya, Hajiya ta ce ita dai ba ta san abin da ya sami Goggo ba, tun da aka shiga wannan hali aikinta ya lalace, kamar mai jin haushin wani. Amma don kada a ce ba ta da tausayi, ta aika kemis aka sayo mata maganin ɗigawa a ido, ta kuma tabbatar mata cewa wannan kyauta ce, ba za a cire a albashinta ba.

Da banki ya karɓi gidan, kotu ta ajiye mai gadi a ƙofa da umarni guda. Babu abin da zai fita sai kayan yayar Alhaji, shi ma sai tana tsaye ta ce nata ne. Safiyar tashi Hajiya ta sake kawo leshi da sarƙa. Tana ɗaura mata ɗankwali take gaya mata sauran labarin.

"Gidan da muka kama ɗan ƙarami ne, Goggo, kuma a saman bene yake. Da idon nan naki ba zan yarda ki riƙa hawa da sauka ba, in kika faɗo ban san me zan ce wa Allah ba. Ki je wurin ƙanwarki ki ɗan huta. Da mun daidaita za mu neme ki."

"Maganar aikin idon fa, Hajiya?"

"Ai shi na ce, da mun daidaita."

A karon farko ran Goggo ya ɓaci har ta ji ɗacin a bakinta. Ta yanke shawara. Za ta bar komai ya wuce, ban da firji.

Aka tsayar da ita a bakin ƙofa kusa da mai gadin kotu. Masu dako suka fara fitowa. Mai gadin kan tambaya, "Hajiya, wannan fa?" ita kuma ta ce, "Nawa ne." Ba ta ganin abin da ake wucewa da shi, sai dai ta ji ƙamshin kafet, ta ji warin man janareta. Da ta ji nishin ƙarti da yawa a lokaci ɗaya, da muryar Hajiya tana cewa a bi a hankali da ƙofofinsa, ta san shi ne.

"Hajiya, wannan fa?"

Goggo ta gyara tsayuwa. "Wannan kam," ta fara.

Alhaji bai ji shawarar Dogo ba, amma ɗan kasuwa ne, ya san muryar wanda zai fasa ciniki. Ya matso da sauri ya kama hannunta, wanda ya ƙone ɗin ma, ya riƙe da hannu biyu.

"Yaya, rana ta yi miki yawa. Ku kawo wa Yaya kujera mana. Yaya, sannu. Ni ba ni da kowa sai ke."

Hannunsa ya jiƙe da gumi. Babban mutum, mai kamfani, wanda a da in motarsa ta shigo kowa ke miƙewa, ga shi yana kakkarwa a hannunta kamar yaron da zazzaɓi ya kama. Goggo ta san ƙarya yake yi. Ta san wannan Yayar ba za ta wuce bakin ƙofar nan ba. Amma tausayi ya riga ya shige ta, kuma ba ta taɓa koyon yadda ake kunyata mutum a gaban jama'a ba.

"Nawa ne," ta ce. "A tafi da shi."

Aka ɗora firji, aka ɗaure da igiya. Hajiya ta zo ta rungume ta tana kuka na gaske, har da shessheƙa, yatsunta kuwa suna bayan wuyan Goggo suna ɓalle sarƙa. Leshin ne ba yadda za a yi a tuɓe shi a gaban mai gadi, don haka ta raɗa mata cewa ta riƙe shi, ta ba ta duniya da lahira. Motar kaya ta tashi, ta Alhaji ta bi bayanta.

A ƙarshe dai kowa ya samu nasa bisa doka. Banki ya samu gida. Kafintoci sun samu albashinsu, ko da bai cika ba. Alhaji ya tsira da abin fara sabuwar rayuwa, har ana yaba masa a masallaci cewa ya karɓi jarrabawa da imani. Ba a zagi kowa ba, ba a doki kowa ba, ba a ɗaga wa kowa murya ba. Da a ce tun farko sun riƙe ta a matsayin 'yar aiki, suna kiran ta da sunanta suna yi mata tsawa, da yanzu tana layi da kafintoci, da kuɗinta a ƙulle a bakin zani, da ranar da likita ya ba ta. Sai suka girmama ta. Suka yi mata Goggo, suka ƙara mata girma zuwa Yaya, kuma a gidajen da ake irin wannan girmamawa babu wanda ke biyan yayarsa albashi.

Mai gadin ya matso mata da kujerar roba cikin inuwa.

"Zauna Hajiya, yanzu za su aiko a ɗauke ki. Mai wannan uban kaya ai ba a barin ta a titi." Ya sosa ƙeya ya rage murya. "Hajiya, ni ma nan da kike gani na an jima ba a biya mu ba. In kin sauka a sabon gida, ko gadi ne, don Allah ki tuna da ni."

"Allah ya rufa asiri, ɗana," in ji Goggo. Ta lalubo ƙullin kayanta ta ɗora a ka. "Ta wane ɓangare titi yake?"

Ya ɗaga hannu ya nuna mata da yatsa. Ita kuwa ta ci gaba da tsayuwa cikin leshinta, tana jira ya faɗa.